ABIN DA MUKA ZUBA A GONA, A KWANO MUKE TARAR DA SHI

Kowace shekara, idan lokacin haɗa wannan mujalla ya yi, mu malamai mukan rubuta a kan ladabi da biyayya, ko shirin jarrabawa, ko wasanni. Bana na roƙi kwamiti su ba ni fili in yi magana a kan gona. Dalili kuwa shi ne kusan dukanmu a nan, ɗalibai da malamai da iyayen da za su karanta wannan, 'ya'yan manoma ne. Wanda ma bai taɓa riƙe fartanya ba, sau uku a rana yana zama gaban abin da fartanya ta kawo.

A hutun damina da ya wuce na je ƙauyenmu. Wata safiya a hanyar gona na iske wani yaro, sa'an 'yan aji uku namu, goye da injin feshi. Ba riga, ba takalmi, gajeren wando kawai. Bakin famfon ya toshe, sai ya kwance shi ya sa a baki ya hura. Da ya gama aiki ya gangara rafi, ya wanke injin, ya juye ruwan a nan. Ƙasa kaɗan da wurin mata suna ɗiban ruwa, can gaba kuma shanu suna sha. Na tsayar da shi na yi masa magana. Ya dube ni ya ce, "Baba, ai maganin ciyawa ne, ba na mutane ba."

Yaron nan ba da mugunta ya yi ba, taimakon mahaifinsa yake yi. Amma amsarsa ta daɗe tana damuna, domin haka yawancinmu muke tunani. Ra'ayina shi ne babu abin da ake zubawa a gona ya tsaya a gona. Ruwan sama yana kai shi rafi, saniya tana kai shi cikin nono, buhu yana kai shi kasuwa, daga kasuwa kuma sai tukunya. Masana suna kiran wannan fahimta "Lafiya Ɗaya", wato lafiyar mutum da ta dabba da ta ƙasa a ɗaure suke wuri guda. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

MAGANIN FESHI

Kuskurenmu daga sunan ya fara. Muna ce masa "magani", kamar abin da nas take ba ɗalibi idan zazzaɓi ya kama shi. Alhali kuwa guba ce, don kisa aka yi ta. Ku ɗauki paraquat, wanda manoma suka fi sani da gramazon. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, yana lalata huhu, kuma har yau ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Irin wannan abu ne yaranmu suke goyo da tsirarar baya.

Dattawa za su tuna da Gammalin 20, wanda wasu suka riƙa zubawa a rafi da rani don su kwashi kifi a sauƙaƙe. Kifi yakan taso, amma tare da shi ƙananan kifaye da kwaɗi da duk mai rai a ruwan sukan mutu, sa'an nan a kai kifin gida a ci. A 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa, wato lindane, cikin jerin gubar da za a daina, a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, domin yana daɗewa a ƙasa da jikin mai rai.

Maganin ƙwari kuma bai san aboki ba bai san abokin gaba ba. Yana kashe tsutsar da ke cin wake, yana kuma kashe ƙudan zuma da ke haɗa furannin kabewa da kankana da mangwaro, da gizo-gizo da zanzaro waɗanda ke cin tsutsar. Idan masu tsaron gona suka ƙare, ƙwari sukan dawo fiye da dā, manomi ya ƙara sayen magani. Haka ake ta zagayawa, aljihu yana ramewa.

Akwai wasu halaye biyu da nake gani kusan kowace kasuwa. Na farko, galan ɗin magani da ya ƙare ya koma na zuba ruwan sha ko manja ko kunu. Na biyu, a fesa wa tumatir ko alayyafo yau, gobe a tsinka a kai kasuwa. A jikin kowace kwalba ta ƙwarai an rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi, amma wa yake karantawa?

WAKE DA BUHUNSA

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Abin alfahari ne. Amma wake yana da maƙiyi, wato ɗan ƙwaron nan da ke huda shi a ajiya har ya mai da shi gari cikin 'yan watanni. Don gudun hasara, wasu manoma da 'yan kasuwa suna yayyafa masa fiya-fiya, wanda sinadarinsa shi ne dichlorvos. Wasu kuma suna jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba a cikin buhu, su jingine buhun a ɗakin da yara suke kwana. Iskar ba ta tsayawa a cikin buhu, kuma ta sha kashe mutane cikin barci.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, aka kuma yi ta tsawaita haramcin daga baya. Dokarsu ba ta yarda dichlorvos ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma abin da aka samu a wasu kayanmu ya ninka haka sau ɗaruruwa. Jaridu sun yi ta kukan kuɗin da ƙasa ta rasa. Ni tambayata dabam ce: waken da Turawa suka ƙi, wa ya ci? Mu ne. Shi ne ƙosai da alale da wake da shinkafa, irin wanda ake rabawa a ɗakin cin abincin kowace makarantar kwana.

Abin takaicin shi ne akwai hanyar da ba ta bukatar guba ko kaɗan. Masana na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka, sun fito da buhu mai ninki uku da ake kira PICS, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwaro mai numfashi ne kamar mu; idan iska ta ƙare sai ya mutu. Durom ko jarka mai murfi mai kyau su ma suna yin wannan aiki. Kakanninmu ma da suke cakuɗa wake da toka ko yashi su rufe tukunya da laka, hikimar ke nan suke bi.

SHANYA A ƘASA DA ƘONAR DAJI

Wata gubar ba a kanti ake sayenta ba, mu ne muke renonta. Idan gyaɗa ko masara ta kwana a ƙasa mai laima, ko aka sa ta a rumbu ba ta gama bushewa ba, wata irin fumfuna takan kama ta, ta bar guba mai suna aflatoxin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. An fara gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. A 2004, mutum 125 suka mutu a Kenya bayan cin masarar da ta kamu. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, hantarsa ce take biya, domin tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Ku lura da abin da muka saba yi. Uwar gida ta tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi kasuwa, ruɓaɓɓiya a yi ƙuli-ƙuli ko a watsa wa kaji da awaki. Gubar ba ta ɓace ba ke nan, hanya kawai ta sake. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da ita a cikin nono, kuma yara ne suka fi shan nono. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure. Amma matakin farko shi ne girbi a kan kari, da shanya a kan tamfol ko dakali, da zubar da abin da ya ruɓe inda dabba ba za ta kai ba.

Shanya a ƙasa tana da wani haɗari kuma. A watan Janairu na 1969, wata nas mai suna Laura Wine da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kawo ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta rasu a Jos cikin ƙoƙarin gano cutar. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Daga baya aka gano cewa ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da cutar, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Duk rogo ko masara ko barkono da aka baza a gefen titi aka bari ya kwana, shimfiɗa ce aka yi masa. Wasu daga cikin waɗanda suka warke ma sukan kurumce.

Da rani cutar ta fi tashi, lokacin da samari suke cinna wa daji wuta don farautar ɓera da gafiya. Wuta ta cinye mazauninsu da abincinsu, ina za su nufa in ba rumbu da ɗakin girki ba? Wutar nan kuma ta ƙone karan da zai ruɓe ya zama taki, ta ƙone ciyawar da shanu za su ci, ta bar ƙasa tsirara ga iskar hunturu da ruwan farko. Makiyayin da ya rasa ciyawa kuma yakan matso kusa da gonar wani, kun kuwa san abin da yakan biyo baya. Duk wannan a kan naman da bai cika tafin hannu ba.

DABBOBINMU

A yau kowa likitan dabbobinsa ne. Kaza ta yi sanyi, sai a fasa kafso a ruwa. Saniya ta yi tari, sai a sayi allura a kasuwa a soka. Su ma waɗannan magunguna suna da kwanakin jira kafin a sha nono, ko a ci ƙwai, ko a yanka. Idan ba a jira ba, mu ne muke shan sauran. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin da ake ba su barkatai, har ya daina yi musu komai, kuma yawancin magungunan nan dangin waɗanda ake ba mu ne a asibiti. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani.

Sai kuma al'adar gaggauta yanka dabbar da ke shirin mutuwa don kada a yi hasara. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da cutar saifa a wata gona a Suleja, jihar Neja. Wannan cuta tana kama mai fiɗa da mai ɗaukar fata da mai ci, ƙwayarta kuma tana iya zama a ƙasa shekaru da dama. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, ba a fiɗe ta. A kira likitan dabbobi, a binne ta da zurfi. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, tana yin allurar rigakafin wannan cuta da wasunta. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Darasi ɗaya daga Indiya ya isa ya nuna yadda abubuwan nan suke a sarƙe. Manoma a can sun riƙa ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Ungulayen da suka ci mushen shanun sai ƙodarsu ta lalace, har fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irinsu suka ƙare. Da ungulu ta ɓace, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan titi suka yawaita, da su da cutar haukan kare. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wa zai ce allurar saniya za ta kai ga cizon kare?

GAWO DA KUTUTTURE

Kada wani ya ce labarin duka baƙi ne. A 1983, wani ɗan mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki a yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ya gaji da dashen itatuwan da ba sa rayuwa. Wata rana ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sarewa kowace bazara toho ne daga kututturen manyan itatuwa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shawo kan wasu manoma su bar rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Manoma suka sa wa aikin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso.

Cikin itatuwan da suka dawo har da gawo, wanda kakanninmu ba sa sarewa. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da babu ciyawa, sai ya yi kore, ya zubo 'ya'yan da awaki da shanu suke ci. Dabbobin su huta a inuwarsa su bar kashi a gindinsa. Ƙasa ta samu, dabba ta samu, yaro ya samu nono da fura. Ba a sayi komai a kanti ba.

"MALAM, KAI MAI ALBASHI NE"

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an faɗa mini a ido. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, samari sun tafi birni, tsoho shi kaɗai ba zai nome hekta uku da fartanya ba. Buhun PICS ya fi buhun gama-gari kuɗi. Mutumin da saniya ɗaya ce dukiyarsa, ba abu mai sauƙi ba ne a ce masa ya binne ta. Duk gaskiya ne, kuma ban ce a zubar da injin feshi ko a daina takin zamani ba. Yunwa ma cuta ce.

Amma mu duba da kyau. Sa doguwar riga da takalmi, ba iska baya lokacin feshi, wanke injin nesa da rafi, jiran kwanakin da aka rubuta, ƙin cinna wuta, barin kututture ya yi toho: wanne ne a cikinsu yake cin kuɗi mai yawa? Buhun kuma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba. Mai lissafin tsadar tamfol ya sa kuɗin gadon asibiti a ɗaya gefen ma'aunin.

Hukuma ma tana da nata alhakin. Malaman gona sun yi ƙaranci a ƙauyuka. Ana juye guba a kwalaben lemo ana sayarwa a kasuwa ba suna ba bayani. Umarnin da ke jikin kwalba kuma yawanci da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, alhali mai amfani da shi Hausa ko yarensa kawai yake ji. Ya kamata a tilasta rubuta shi da Hausa da sauran harsunanmu, tare da hotuna. Kafin a yi haka kuwa, ku ɗalibai ku ne idon iyayenku.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ina ba da shawarwari biyar, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

1. Mu daina mai da gonar makaranta wurin horo. Yaron da ya san fartanya a matsayin hukunci ba zai girma yana girmama ƙasa ba. Ta zama aji, inda za a koyi haɗa taki daga kara da kashin dabbobi, da haɗa wake da dawa a kunya ɗaya, da datse toho a kututture.

2. Duk waken da za a ajiye wa ɗakin girki, a ajiye shi a buhu mai ninki uku ko durom mai murfi, a ɗora a kan katako, a toshe ramukan ɓera.

3. Kowane ɗalibi, idan ya je dogon hutu, ya karanta wa iyayensa abin da ke jikin kwalbar magani, ya fassara musu cikin ladabi. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, a huda shi don kada wani ya zuba abin sha.

4. Ƙungiyar matasa manoma ta zaɓi kututture ashirin a filin makaranta ta yi renonsu, a kuma rubuta tsayinsu kowace shekara a wannan mujalla.

5. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa su gayyaci malamin gona da likitan dabbobi sau biyu a shekara, kafin shuka da kafin girbi. Mata su ne masu shanya da tsinta da ajiya, don haka su ne kan gaba a wannan magana.

Ku 'yan ajin ƙarshe da za ku bar mu bana, wasunku za su zama nas, wasu likitoci, wasu malamai, wasu 'yan kasuwa, da yawa kuma za su yi noma ko da a gefe ne. Ku tuna cewa mai jinya a asibiti yakan karɓi abin da aka fara tun daga gona. Yaron nan na ƙauyenmu bai sami wanda ya gaya masa ba sai ranar da muka haɗu. Ku kun ji, kuma Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma.